Albasar da Na Kai wa Malamin Ɗiyata

Ni dillalin albasa ne a Aliero. Tun ina saurayi nake tsaye tsakanin mai kaya da mai saye, har yanzu da gwiwoyina ke ƙara in zan tashi daga tabarma. Boko kaɗan na yi. Abin da kasuwa ta koya mini shi ne, ban taɓa ganin kaya sun tashi daga hannu zuwa hannu ba tare da wani ya tsaya a tsakiya ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya tsaya a tsakiya ya koma gida hannu wofi ba. In ya ce maka don Allah ya yi, ka jira. Ranar karɓarsa ce ba ta zo ba.

Ɗiyar da zan yi maganarta ita ce ta fari. Ba na kiran sunanta, uwarta ma ba ta kira, haka munka taras ana yi. Tun da anka yaye ta ƙanwata ta ɗauke ta zuwa Jega, can ta girma, can ta yi makaranta. In ta zo hutu sai ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri, ta tashi. Abin da take so daga gare ni ta bakin gwaggonta yake zuwa, abin da zan gaya mata ta nan yake komawa. Ban taɓa zama da ita mun yi hira ba. Amma takalmin da ta sa ta tafi sakandare ni na zaɓe shi, sai da na zaga kasuwar Jega kaf kafin in ga wanda ya yi mini.

Tun tana ƙarama take cewa likita za ta zama. Da ta yi jarrabawar shiga jami'a makinta bai kai na likitanci ba, sai anka ba ta ilimin halittu a wata jami'a da ba zan faɗi sunanta ba. Na ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, na ɗauka magana ta mutu.

Ana cikin zafi, lokacin da manoma ke jera albasa a rudu, rumfar da ake ajiye ta, don ta jira tsada, sai ga ƙanwata ta sauka daga mota ta same ni a rumfa. Ba ta zuwa kasuwa haka nan. Na ba ta ruwa, na jira.

Ta ce, "Yaya, ɗiyarka na son komawa sashen likitanci."

Na ce, "Ba an hana ta ba?"

"Wancan daban. In ɗalibi ya gama shekarar farko da maki mai kyau, shina iya neman a mai da shi can. Shugaban sashensu ya sa hannu ya sake ta, sannan kwamitin malamai su zauna su zaɓa. Gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka."

"To wa ke tsakani?"

"Tsakanin mi?"

"Wa zai shige mata gaba? Wa za a gani?"

"Ba kowa, Yaya. Ta cika takarda a kwamfuta. Makinta zai yi mata magana."

Na ce, "Maki na da baki?"

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na ci gaba da kallonta, don na san ta tun tana rarrafe, in ta rage wani abu a ciki sai ta riƙa gyara bakin mayafi. Ta gyara shi, ta sake gyarawa. Can ta ce akwai dai wani malami da ke kula da 'yan ajinsu. Shi ya ga sakamakonta, ya kira ta ofis, ya ce kada ta bar wagga dama ta wuce. Kuma yana cikin kwamitin da zai zaɓa.

Na ce, "Ka ji. Da kin fara da nan."

"Mutumin kirki ne, Yaya."

"Kin gan shi?"

"Ban gan shi ba."

"Shekarunsa nawa? Shina da mata? Mi yarinyar tay yi mishi da zai zaɓe ta cikin jama'a?"

Ta ce ni kam kowa ɓarawo ne a idona. Na ce ba kowa ba, amma ban taɓa yin asara don na ƙidaya buhu sau biyu ba. Ta tashi ta hau mota tana mita.

Da hutu ya zo yarinyar ta sauka gidana da jaka mai nauyi. Littattafai ne manya, masu hoton cikin mutum a buɗe, hanji da huhu da komai. Na tambayi uwarta wa ya saya, ta ce aro ne, malamin ya ba ta. Na fara kasa kunne.

Wayarta takan yi ƙara da hantsi, wani lokaci bayan la'asar. Ina daga zaure ina jin ta. In ƙawa ce ta kira, tana kwance take amsawa, da dariya da shewa. In shi ne sai in ji ta miƙe tsaye, murya ta yi ƙasa: "To, Malam. In sha Allahu, Malam. Na gode, Malam." Godiyar nan ita ta fi ci mini rai. A kasuwa in na ji manomi yana ta yi wa baƙo godiya tun ba a yi ciniki ba, na san an riga an ɗaure shi. Akwai masu saye da ke zuwa tun albasa na gona, su ba manomi taki, su ba shi man injin ban-ruwa, su ce ba komai, ai zumunci ne. Ranar da anka cire albasa sai su zo su tsaya a bakin gona. Ba su taya ba, ba su yi gardama ba, tsayuwa kawai. Manomi kuwa ba shi da idon da zai kalle su ya ce albarka. Na ga wanga abu har na gaji da ganinsa.

Ban iya kiranta in tambaye ta ba. Mi zan ce? Uba ya zaunar da 'yar fari ya tambaye ta mi ke tsakaninta da wani namiji? Bakina ba zai ɗauka ba. Na aika ta bakin gwaggonta, amsa ta dawo cewa karatu ne kawai, kuma ba ita kaɗai yake kira ba, akwai wasu ɗalibai maza da mata. Na ce haka dama ake cewa.

Akwai wani direba abokina da ke jigilar ɗalibai tsakanin Jega da garin da jami'ar take. Na same shi a tasha yana wanke gilashi, na ja shi gefe. Ban faɗi ɗiyata ba, na ce ɗiyar wani ce.

Ya ce, "Ɗiyar wani mai dogon hanci irin naka?"

Na ce ya bar wasa. Ya ce shi dai abin da yake ji a mota yake ji. Ɗalibai in sun zauna baya suna mantawa direba na da kunne. Akwai malamai na Allah, akwai kuma waɗanda in yarinya ta shiga ofis sai ta bar ƙofa a buɗe. Na kwatanta mishi mutumin. Ya ce ya san shi, ɗan Mungadi ne ta wajen Maiyama, kusan kowane ƙarshen mako yana zuwa gida duba gona da tsohonsa.

"Wane iri ne cikin biyun?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ban taɓa jin an faɗi sharrinsa ba."

"An faɗi alherinsa?"

"Kai dai ba a gama ciniki da kai. Ban ji ba, na ce maka."

Wannan bai kwantar mini da hankali ba. Wanda ya iya aikinsa ba a jin labarinsa.

Na yi ta juya abin a raina ina aiki, har na yi kuskuren haɗa wani Bayarabe da albasar da ba irin wadda yake so ba, ya zage ni da yarensu. Hanyoyi biyu na gani. Ko in ce yarinyar ta bar maganar likitanci, in ta ƙi in cire ta daga makarantar gaba ɗaya, ko kuma in yi abin da na iya. A wurinmu la'ada ba abin kunya ba ce. Mutum ya yi maka hanya, ka ba shi haƙƙinsa a gaban shaidu, ku yi musabaha, shi ke nan ba ya bin ka, ba ka bin sa. Abin tsoro shi ne wanda ba a biya ba, don shi zai zaɓi abin da za a biya shi da shi, ya zaɓi rana, ya zaɓi wanda zai bi. Na ce in dai akwai bashi a wagga magana, to a kaina zai zauna, ba a kan yarinyar ba. Ban gaya wa uwarta ba, ban gaya wa ƙanwata ba. Da na gaya musu da sun hana ni, kuma ba su da wata dabara da ta fi tawa.

Na zaɓi albasa da hannuna, ja, busasshiya, mai ƙaramin wuya, irin wadda za ta kai damina ba ta ruɓe ba. Buhu biyu. Ran Asabar da safe na sa su a mota zuwa Jega, na canja wata mai bin hanyar Maiyama, daga inda ta sauke ni ɗan kabu-kabu ya ɗaure su a bayan babur ɗinsa ya kai ni Mungadi, ni a gaba kamar ƙaramin yaro. Da gangan na daidaita in isa lokacin da mutane ke zaune a ƙofar gida. Ina son idanu.

Na kuwa samu. Wani tsoho mai farin gemu na zaune kan buzu a bakin zaure, da maƙwabta sun kewaye shi. Shi ne uban malamin. Munka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa. Da ya ji daga Aliero nake sai ya ce, "Ai tun kana kan babur na ji. Ku mutanen Aliero ko wanka kunka yi da turare, hanci na gane ku." Jama'a sunka yi dariya, ni ma na yi, don tsoho ne kuma a ƙofarsa nake.

Anka aika gona a kira malamin. Na zaci zan ga mai kwat da tabarau. Sai ga wani siriri da tsohuwar riga, ƙafa duk laka, da fartanya a kafaɗa. Ba yaro ba ne, ba tsoho ba. Na duba hannunsa, na duba idonsa, na duba yadda ya durƙusa wa ubansa. Ban ga komai ba, kuma rashin ganin bai sa na saki jiki ba.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji."

Na ce, "Ban je ba tukuna."

"To Allah ya kira ka. Lafiya dai?"

Na faɗi ko ni wane ne. Da yake ba na kiran sunanta sai da na yi kwatance, yarinyar Jega mai neman komawa likitanci. Fuskarsa ta washe. Ya juya ga ubansa ya ce, "Baba, wagga yarinya ita ce na ba ka labari, wadda ba ta barin tambaya ta kwana." Ya ce mini in gode wa Allah, irinta ba su da yawa.

Wato har labarinta ya kai gidansu.

Na ce, "Malam, ni ba mai dogon zance ba ne. Dillali ne ni. Na ji kana yi wa ɗiyata hanya. Ga wanga, ba yawa, somin-taɓi ne. In akwai abin da ya saura ka faɗa mini nan gaban mahaifinka da waɗanga bayin Allah, in biya. Abin da kake bi, ni za ka bi. Yarinyar ba ta da komai, kuma ba a bin ta komai."

Wani daga cikin maƙwabtan ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Malamin ya ajiye fartanya a hankali, ya jingina ta da bango.

Ya ce, "Mi kake nufi da ba a bin ta komai?"

"Abin da ka ji."

"A'a, faɗa mini. Mi kake zaton zan bi ta?"

Na ce, "Ban zarge ka ba. Ina rufe ƙofa ne tun ba a shigo ba. Kai ma in kana da ɗiya ka san abin da nake faɗi."

Ya ce yana da su, har uku. Ya kalli buhunan kamar wani abu zai fito daga ciki. Da ya sake magana muryarsa ba ta tashi ba, na fi son da ya yi ihu.

"Ka san abin da ka yi? Ni ina cikin masu zaɓe. Yau uban ɗaya daga cikin masu nema ya kawo mini kaya har gida, gaban mutane. Kafin Litinin maganar ta riga ni isa makaranta. In na buɗe baki na ce yarinyar ta cancanta, za a ce albasa ce ke magana. In ta samu, sauran yaran za su ce saye tay yi, kuma abin zai bi ta har ta gama."

Na ce, "To wa zai faɗa? Nan duk mutanenka ne."

"Ni zan faɗa. Da bakina zan gaya wa kwamiti, kuma in an zo kan sunanta zan tashi in fita."

Na ɗauka ciniki ne. Na sha ganin mai kaya ya tashi ya kaɗe riga ya ce ya fasa, don a ƙara masa. Na ce in albasar ce ta yi kaɗan, ina da rago a gida. Sai ya rufe ido ya ce, "Innalillahi."

Nan tsohon ya sa baki. Ya ce shi bai san kwamiti ba, amma a garin nan ba a mai da kyauta, kuma baƙo ya taso tun daga Aliero. Ya ce a shigar da buhunan, shi anka kawo wa, ba ɗansa ba.

"Baba, ba za su shiga ba."

"Gidanka ne ko nawa?"

"Naka ne, Baba. In sun shiga ni kuwa na bar aikin."

"Kai dai tun kana yaro kake da taurin kai. Albasa ce fa, ba giya ba. Uwarka tun jiya take cigiyar albasa."

Mutane sunka yi 'yar dariya, irin ta neman a sassauta. Malamin bai yi ba. Shi da kansa ya kira ɗan kabu-kabun, ya kama buhu ɗaya ya ɗora, ya kama na biyu. Ya kawo mini ruwa a kwano na sha. Ya raka ni har bakin hanya, a can ya ce, "Tsoron da kake ji ba na wasa ba ne, na sani. Akwai waɗanda ya kamata a ji wa shi. Da ka zo hannu wofi ka tambaye ni, da na kai ka ka ga ofis ɗin, ka ga sauran yaran." Na ce da na zo hannu wofi da ban san ko wane ne shi ba. Ya ce, "Yanzu ka sani?" Gaskiya ban sani ba. Mutum na iya ƙin buhu biyu don yana jiran abin da ya fi su.

Na sauke albasar a Jega na bar wa ƙanwata, ban yi mata bayani ba. Ba a daɗe ba bayanin ya zo da ƙafarsa. Ina zaune a zaure bayan la'asar ina gyaran igiya sai na ga inuwa a ƙofa. Ɗiyata ce, daga makaranta, ko jaka ba ta ajiye ba. Ta gaishe ni. Na amsa ina kallon igiya, ina jira ta wuce ciki. Ba ta wuce ba. Ta shigo ta zauna a ƙasa, daidai gabana, abin da ba ta taɓa yi ba tun da anka haife ta.

Ta ce, "Baba, mi ka ji a kaina?"

Na ce ta je ta gaya wa gwaggonta abin da ke tafe da ita.

"Ba gwaggo ta je Mungadi ba. Mi ka ji? Wa ya ce maka ya gan ni inda bai kamata ba?"

"Ba wanda ya ce."

"To mi na yi?"

Na ce ba ita nake zargi ba, duniya nake zargi. Ta ce duniya ba ta ji komai ba, ita ce ta shiga aji anka bi ta da ido. Ta ce har an sa mata suna, wasu in ta wuce sai su riƙa murza ido kamar yajin albasa ya shiga. Malamin ya kira ta gaban wata malama, ƙofa a buɗe, ya gaya mata abin da ya faru, ya ce ta dawo da littattafan ta ajiye a ɗakin karatu inda kowa zai iya ɗauka, kuma ba zai sake kiran wayarta ba.

Na ce, "Wanga na ƙarshe bai ɓata mini rai ba."

Ta ɗago ta kalle ni. Idon uwata ne sak, ban taɓa lura ba, don ban taɓa kallonsa kusa haka ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Za ka cire ni?"

Ashe ta san har wannan na raya. Na ce ban yanke ba. Ta ce in zan cire ta in gaya mata yanzu da bakina, kada ta ji daga Jega. Na daɗe ina murza igiyar. Na ce ta koma ta yi karatunta.

Shugaban sashensu ya sa hannu ya sake ta, wannan ba a hana ta ba. Kwamiti ya zauna. Da sunayen sunka fito babu nata. Ƙanwata ta zo har gida ta tsaya a tsakar gida tana faɗa, ta ce makin yarinyar da na waɗanda anka ɗauka kusan ɗaya ne, kowa ya samu wanda ya san ƙoƙarinsa ya yi masa shaida, ita kuwa da anka kira sunanta kujerar mai shaidarta babu kowa. Ta ce ni na yi. Na ce ko kuma waɗancan sun san ƙofar da ake bi da dare, ni na bi ta rana. Ta ce Allah ya shirye ni. Wata yarinya daga Kuberi na cikin waɗanda sunka samu, na sa anka bincika mini ubanta, anka ce manomi ne da ko babur ba shi da shi. Wannan ya ɗaure mini kai, amma mutum na iya samun kawu.

Yarinyar ta shiga shekara ta biyu a ilimin halittu. Ta rage zuwa gida. In ta zo, wayarta ba ta ƙara a inda zan ji. Na tambayi ƙanwata mi ake ciki, ta ce wallahi ita ma yanzu ba a gaya mata komai, kuma wannan karon ba ta taɓa mayafi ba. Hankalina ya fi tashi da shirun nan fiye da lokacin da waya ke ƙara. Na lura ta rame. Na lura tana ɗauke da ƙananan littattafai irin na 'yan sakandare. Na yi zato iri-iri, babu mai kyau a ciki.

Bayan an kwashe gero ta sake shigowa zauren, ta zauna inda ta zauna wancan karon. Ta ce ta sake rubuta jarrabawar shiga jami'a ba tare da ta gaya wa kowa ba. Wata jami'a mai nisa ta ba ta likitanci, daga aji ɗaya za ta faro, shekarun da ta yi sun tafi. Ta ce ba za ta je ba sai na yarda.

Tambayoyi sunka cika mini baki. Wa ya nuna mata makarantar, wa ta sani a can, wa ya duba takardunta. Na buɗe baki, ta riga ni.

"Baba, abu guda nake roƙo. Ka kai ni da kanka in kana so, ka ga wurin. Amma ba za ka nemi kowa ba, ba za ka gaida kowa ba, ba za ka tambayi gidan kowa ba."

Na ce, "Sharaɗi kike gindaya mini?"

"Roƙo nake."

Na tambaye ta inda za ta riƙa kwana. Ta ce ɗakin ɗalibai mata, cikin makaranta, da mai gadi mace. Na tambaye ta ko ƙofar na da sakata ta ciki. Ta ce ba ta sani ba. Na ce za mu saya mu tafi da ita.

Tafiyar ta ci mana yini. Mota ta sauke mu a bakin wata babbar ƙofa, na sauke mata katifa da bokiti, na ba ta sakatar da ƙusoshi a leda. Wasu 'yan mata sunka taya ta ɗauka. Maza na ta shiga da fita, wasu da jakunkuna, wasu da farar riga, na bi kowanne da ido har ya ɓace. Wani mai gadi ya ga na daɗe tsaye ya matso.

Ya ce, "Baba, wa kake nema? In kai ka ofis?"

Na ce, "Ba kowa."

Na koma gindin wata bishiya na zauna har na daina hango bokitin, sannan na tsallaka titi na nemi motar Jega.